Tantanin ƙwayar halitta

Tantanin ƙwayar halitta wani siririn marufi ne da ke kewaye da kowace ƙwayar halitta mai rai, yana raba abin da ke cikinta da abin da ke wajenta. An gina shi da shimfiɗa biyu na maiƙo, da furotin iri-iri a nutse a cikinsu ko a manne a gefensu. Kaurinsa nanomita 7 zuwa 10 ne. Nanomita ɗaya kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita, don haka sai an ɗora tantani kusan dubu goma ɗaya bisa ɗaya kafin su kai kaurin fallen takarda.

Tantani ne ke zaɓen abin da zai shiga ƙwaya da abin da zai fita, shi ke karɓar saƙonni daga sauran ƙwayoyi, kuma shi ke riƙe bambancin cajin lantarki da jijiyoyi da tsokoki ke aiki da shi. Idan ya yage kuma bai haɗe da sauri ba, ƙwayar na mutuwa. Dabbobi da tsirrai da fungai da bakteriya duk suna da shi. Tsirrai da fungai da yawancin bakteriya suna da ƙarin bango mai tauri a wajensa, amma wannan bango daban yake da tantani. A ƙwayoyin da ke da cibiya, irin wannan tantani ne kuma ke kewaye da ɗakunan cikin ƙwayar, kamar cibiyar kanta, da mitokondiriya, da Golgi, da endofilasmik retikulum wanda ake taƙaitawa da ER. A ER ɗin ake ƙera yawancin maiƙo da furotin na tantani.

Tarihin bincike

Robert Hooke na ƙasar Ingila ne ya fara bayyana ƙwayoyin halitta a shekara ta 1665, amma abin da ya gani a ɓawon itace bangon matattun ƙwayoyi ne. Tantani ya yi siranta da yawa, madubin ƙara girma mai amfani da haske ba ya iya nuna shi. A ƙarshen shekarun 1890 Ernest Overton ya lura cewa sinadaran da ke narkewa a mai sun fi saurin shiga ƙwaya, daga nan ya ce iyakar ƙwayar da maiƙo aka yi ta.

A shekara ta 1925 Evert Gorter da François Grendel na ƙasar Holan suka tace maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka tarar faɗinsa ya ninka faɗin fuskar ƙwayoyin sau biyu. Suka yanke cewa maiƙon shimfiɗa biyu ne. Daga baya an gano kurakurai biyu a awon nasu: ba su tace dukkan maiƙon ba, kuma sun rage faɗin ƙwayoyin. Kurakuran sun share juna, sakamakon ya zama daidai.

A 1935 James Danielli da Hugh Davson suka ce furotin ya lulluɓe maiƙon ta ciki da ta waje. Wannan bayani ya daɗe ana koyar da shi, musamman bayan da madubi mai amfani da lantarki ya nuna tantani kamar layi biyu masu duhu da layi mai haske a tsakani. A 1970 Larry Frye da Michael Edidin suka haɗe ƙwayar ɓera da ta mutum, suka ga furotin ɗin ɓangarorin biyu sun cakuɗe cikin minti 40, wato furotin na yawo a cikin tantani. A 1972 Jonathan Singer da Garth Nicolson na ƙasar Amurka suka fitar da bayanin da ake bi har yau, cewa tantani shimfiɗar maiƙo ce mai kwarara, furotin na iyo a cikinta a warwatse.

Tsari

Maiƙo

Mafi yawan maiƙon tantani shi ne fosfolifid. Kowane ɗaya yana da kai mai ɗauke da fosfet, wanda ke son ruwa, da jela biyu na kitse masu gudun ruwa. Idan aka zuba fosfolifid a ruwa, da kansu suke jeruwa gida biyu: jeloli su ɓuya a tsakiya suna fuskantar juna, kawuna su fuskanci ruwan ciki da na waje. Shimfiɗar ba ta son a bar mata baki a buɗe, saboda haka takan lanƙwashe ta rufe kanta, kuma ƙaramin rami idan ya samu yakan toshe da kansa.

Yanayin jelolin ne ke sa tantani ya yi laushi ko tauri. Miƙaƙƙun jeloli suna matsuwa da juna, su sa ya daskare, masu lanƙwasa kuma suna barin sarari. Dalili ɗaya ne ke sa man shanu daskarewa a lokacin sanyi alhali man gyaɗa na nan a ruwansa. Bakteriya da tsirrai da kifaye sukan ƙara yawan jeloli masu lanƙwasa idan sanyi ya shigo. A dabbobi, kolestarol na shiga tsakanin fosfolifid, yana rage kwarara idan da zafi, yana hana daskarewa idan da sanyi. Fungai na amfani da ergostarol a madadinsa, shi ya sa wasu magungunan cututtukan fungai suke kai wa ergostarol hari ba tare da sun yi wa ƙwayoyin mutum ɓarna sosai ba.

Shimfiɗar ciki da ta waje ba iri ɗaya ba ne. Fosfatidilkolin da sfingomayelin sun fi yawa a waje, fosfatidilserin kuma a ciki ake tsare shi. Fosfolifid na yawo gefe da gefe cikin sauƙi, amma da wuya ya tsallaka daga wannan shimfiɗa zuwa waccan sai da taimakon enzayim. Idan ƙwaya ta zo mutuwa, fosfatidilserin kan bayyana a waje, wannan ce alamar da fararen ƙwayoyin jini ke gani su haɗiye ta.

Furotin

A tantanin jar ƙwayar jini, furotin ya kai kusan rabin nauyi. A rufin jijiya da ake kira mayelin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, a tantanin cikin mitokondiriya kuwa ya kai kashi uku cikin huɗu. Akwai furotin da ke ratsa tantani daga wannan gefe zuwa wancan. Ɓangaren da ke cikin maiƙo yawanci amino asid 20 zuwa 25 ne masu gudun ruwa, a murɗe kamar igiya. Wasu sau ɗaya suke ratsawa, wasu sau da yawa. Babban dangin makarɓan saƙo da ke aiki da furotin G, wanda ya kai kusan iri 800 a jikin mutum, sau bakwai yake ratsawa. Akwai kuma furotin da ke manne a fuska kawai, da waɗanda aka ɗaure da jelar maiƙo.

Ayyukansu sun haɗa da jigilar kaya, karɓar saƙon homon, gudanar da aikin enzayim, manna ƙwaya da maƙwabciyarta, da ɗaure tantani ga ƙashin ƙwaya. A jar ƙwayar jini, ragar furotin mai suna sfektirin da ke ƙarƙashin tantani ce ke ba ta damar lanƙwashewa ta bi ta ƙananan hanyoyin jini ba ta fashe ba.

Sukari

A fuskar waje kaɗai ake samun sarƙoƙin sukari, a ɗaure jikin furotin ko maiƙo. Suna kare ƙwaya kuma suna zama shaidar da ake gane ta da ita. Rukunin jini na A da B da AB da O, wanda Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901, ya samo asali ne daga bambancin sukarin da ke ƙarshen waɗannan sarƙoƙi a jikin jajayen ƙwayoyin jini.

Jigila ta tantani

Tsakiyar tantani maiƙo ce, saboda haka abubuwa ba sa ratsa ta daidai wa daida. Iskar oksijin da kabon dayoksaid da homon masu narkewa a mai suna wucewa kai tsaye. Ruwa da yuriya suna wucewa a hankali. Gulukos da amino asid kusan ba sa wucewa. Ayon, wato ƙwayoyin zarra masu caji kamar sodiyum da fotasiyum da kalsiyum da kulorayid, ba sa wucewa sai ta hanyar furotin.

Bazuwa da osmosis

Bazuwa ita ce tafiyar abu daga inda yake da yawa zuwa inda yake da ƙaranci, kuma ƙwaya ba ta kashe makamashi a kanta. Ta haka oksijin ke shiga jini a huhu. Osmosis kuma tafiyar ruwa ce ta tantani zuwa gefen da ya fi yawan narkakkun abubuwa. Jar ƙwayar jini idan ta shiga ruwa zalla takan kumbura ta fashe, idan ta shiga ruwa mai gishiri da yawa takan yamutse. Shi ya sa ƙarin ruwan da ake yi wa marasa lafiya yake da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari. Osmosis ne ke sa yankakken tumatir ya fitar da ruwa idan an barbaɗa masa gishiri, kuma shi ke sa gishiri ya hana nama da kifi ruɓewa, domin yana zuƙe ruwan bakteriya.

Kafofi da 'yan dako

Furotin masu taimaka wa bazuwa iri biyu ne. Kafa rami ce da ke buɗewa ta bar ayon su kwarara, har miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Kowace kafa na da nau'in da take bari ya wuce, kuma yawancinsu suna da ƙofa: wasu canjin caji ke buɗe su, wasu sinadari, wasu kuma taɓawa ko miƙewar tantani. Alan Hodgkin da Andrew Huxley sun nuna a 1952, da jijiyar wata dabbar teku mai suna sikwid, cewa saƙon jijiya shigar sodiyum ne da fitar fotasiyum a jere. Erwin Neher da Bert Sakmann na ƙasar Jamus sun auna lantarkin da ke bi ta kafa guda ɗaya a 1976. Roderick MacKinnon ya fitar da siffar kafar fotasiyum a 1998, Peter Agre kuma ya tabbatar da kafar ruwa mai suna akwaforin a 1992, su biyun suka raba lambar yabo ta Nobel a 2003. Ƙodar mutum na tace ruwa kusan lita 180 a rana, kuma da taimakon akwaforin take mayar da kusan dukkansa cikin jini.

Ɗan dako kuwa kama kayan yake yi a gefe ɗaya, ya sauya siffa, ya sake shi a ɗaya gefen. Bai kai kafa sauri ba, kuma idan kaya suka yi yawa yakan kai iyakar abin da zai iya ɗauka. Misali shi ne dangin GLUT masu ɗaukar gulukos. GLUT4 na tsoka da kitse a ɓoye yake cikin ƙwaya, sai insulin ya zo ake fito da shi kan tantani. Raunin wannan amsa na cikin abubuwan da ke faruwa a ciwon sukari nau'i na biyu.

Famfo

Idan za a kai abu daga inda yake da ƙaranci zuwa inda yake da yawa, dole a kashe makamashi. Furotin da ke wannan aiki ana kiransa famfo. Mafi shahara shi ne famfon sodiyum da fotasiyum, wanda Jens Christian Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957 a jijiyar ƙaguwa, aka ba shi Nobel a 1997. Da kowane ATP ɗaya yana fitar da sodiyum uku, ya shigo da fotasiyum biyu. Sakamakon haka sodiyum ya kai kusan milimola 145 a wajen ƙwaya amma 5 zuwa 15 a ciki, fotasiyum kuma kusan 140 a ciki, 5 a waje. Wannan famfo kaɗai na cin kusan kashi ɗaya cikin uku na makamashin ƙwayar dabba, a jijiya ma ya fi haka. Fotasiyum da ke sulalewa waje ta kafofinsa shi ke barin cikin ƙwayar jijiya da cajin kusan milibolt 70 ƙasa da na waje. Wani famfon na rage kalsiyum a cikin ƙwaya har ya gaza na waje sau dubu goma, wani kuma na zuba asid a cikin tumbi.

Akwai jigilar da ke cin moriyar aikin famfo ba tare da ta taɓa ATP ba. Tun da sodiyum na neman komawa ciki, wasu 'yan dako na haɗa shi da wani kaya su shiga tare. A ƙaramin hanji, SGLT1 na shigo da sodiyum biyu tare da gulukos ɗaya, ruwa kuma ya biyo su. Robert Crane ne ya bayyana wannan tsari a 1960.

Jigila da jaka

Manyan kaya ba sa bi ta kafa. Tantani ne ke lotsawa ya naɗe su cikin 'yar jaka ya shigo da su. Fararen ƙwayoyin jini na haɗiye bakteriya ta wannan hanya, abin da Ilya Mechnikov ya bayyana a 1882. Kolestarol da ke yawo a jini cikin ƙunshin LDL kuwa sai ya kama makarɓinsa a kan tantani, sannan furotin mai suna kilatirin ya naɗe wurin ya zama jaka. Michael Brown da Joseph Goldstein sun sami Nobel a 1985 a kan wannan. Fitarwa kuma akasin haka ce: jaka ta taso daga ciki, ta haɗe da tantani, ta zubar da kayanta a waje, kamar yadda insulin da sinadaran saƙon jijiya ke fita. James Rothman da Randy Schekman da Thomas Südhof sun sami Nobel a 2013 saboda gano furotin da ke tafiyar da jakunkunan.

Endofilasmik retikulum

ER raga ce ta bututu da faffaɗan jakunkuna da ke haɗe da rufin cibiyar ƙwaya. A yawancin ƙwayoyin dabba ya ƙunshi fiye da rabin dukkan tantanin da ke cikinsu. Keith Porter da Albert Claude da Ernest Fullam ne suka fara ganinsa a 1945, Porter ya raɗa masa suna a farkon shekarun 1950. Yana da ɓangare mai kaushi, wanda ribosom ke manne a jikinsa, da ɓangare mai santsi inda ake haɗa maiƙo da homon, ake ajiye kalsiyum, kuma a hanta ake warware guba da magunguna. George Palade ya bi sawun sabon furotin a fankiriyas ɗin ɓeran Masar, ya nuna cewa daga ER yake tashi, ya bi ta Golgi, ya shiga jaka, ya fita. An ba shi Nobel a 1974 tare da Claude da Christian de Duve.

Yadda furotin ke isa ER

Kusan kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin da ƙwayar mutum ke ƙerawa ta ER suke bi: waɗanda za a fitar waje, da na jikin tantani, da na Golgi da laisosom. Amma duk ribosom iri ɗaya ne, kuma a ruwan cikin ƙwaya suke fara aiki. Abin da ke bambanta su shi ne adireshin da ke jikin furotin ɗin da suke haɗawa.

Jerin alama

A 1971 Günter Blobel da David Sabatini na Jami'ar Rockefeller da ke New York suka kawo hasashen cewa furotin mai zuwa ER na ɗauke da alama a farkonsa. A 1972 César Milstein da abokan aikinsa a Cambridge suka ga cewa wata sarƙar furotin ta garkuwar jiki, idan aka haɗa ta a kwalba, ta fi wadda ƙwaya ke fitarwa tsawo. A 1975 Blobel da Bernhard Dobberstein suka kammala hujjar. Idan an haɗa furotin ɗin babu gutsattsarin ER, yana fitowa da tsawonsa. Idan gutsattsarin na nan tun daga farko, yana fitowa a gajarce kuma a cikin jaka, inda enzayim mai narkar da furotin ba ya isa gare shi. Idan sai bayan an gama aka zuba su, ba ya shiga. Wannan ya nuna cewa ana shigar da shi ne yayin da ake haɗa shi. Blobel ya sami Nobel a 1999.

Jerin alama amino asid 15 zuwa 30 ne. Farkonsa na da caji mai kyau, tsakiyarsa amino asid 7 zuwa 15 ne masu gudun ruwa, ƙarshensa kuma wurin yanka ne. Jerin ya bambanta daga furotin zuwa furotin, gudun ruwan tsakiyar ne ake ganewa.

Matakai

Da zarar jerin alama ya leƙo daga ribosom, wani ƙunshi mai suna SRP ke kama shi. Peter Walter da Blobel ne suka ware shi a 1980. A dabbobi masu shayarwa SRP na da furotin shida da RNA ɗaya mai tsawon niyukiliyotayid kusan 300. Furotin SRP54 na da aljihu mai yawan metiyonin, wanda laushinsa ke ba shi damar riƙe alamomi masu siffa daban-daban. Ɗaya ƙarshen SRP na rage saurin ribosom, don kada furotin ya yi tsawo ya naɗe a waje.

Daga nan SRP ya ja ribosom zuwa makarɓinsa da ke jikin ER. Shi da makarɓin kowanne na riƙe da GTP. Suna haɗuwa sai a miƙa ribosom ga wata kafa mai suna Sec61, su fasa GTP ɗinsu, su rabu, SRP ya koma neman wani. Sec61 furotin uku ne a haɗe. Ramin da ke tsakiyarsa na da matsattsen wuya da toshi, don kada ayon su zube idan ba ya aiki, kuma yana da ƙofa a gefe mai buɗewa cikin maiƙo. Jerin alama na shiga wannan ƙofa, toshin ya kauce, ribosom ya ci gaba da aiki yana tura sarƙar cikin ER. Wani enzayim ya yanke jerin alamar, furotin ya faɗa ciki. Bakteriya na da irin wannan kafa mai suna SecY, kuma rukunin Tom Rapoport ya fitar da siffarta a 2004.

Insulin misali ne. Ana fara haɗa shi da amino asid 110. A ER ake yanke 24 na alama, 86 su rage. Bayan ya wuce Golgi ake cire tsakiyarsa, a bar sarƙa biyu masu 21 da 30.

Wasu ƙananan furotin, musamman a yis, sai an gama haɗa su suke shiga. Waɗannan na buƙatar Sec62 da Sec63, da furotin BiP da ke cikin ER, wanda ke kama duk abin da ya shigo ya hana shi komawa baya.

Furotin na jikin tantani

Furotin da zai zauna a tantani ba ya shigewa gaba ɗaya. Idan wani yanki mai gudun ruwa ya iso cikin Sec61, ƙofar gefe na sakin sa cikin maiƙo, ragowar sarƙar ta tsaya a waje. Makarɓin LDL haka yake: an yanke alamarsa, farkonsa na ciki, ƙarshensa na waje. Wasu, kamar makarɓin tiransferin, alamarsu a tsakiya take kuma ba a yanke ta, ita ce ke zama turkensu. Gefen turken da ya fi yawan amino asid masu caji mai kyau shi ke zama a ruwan cikin ƙwaya, ƙa'idar da Gunnar von Heijne na ƙasar Suwidin ya bayyana. Furotin masu ratsawa sau da yawa ana saka yankunansu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda turkensu ke can ƙarshen jela kuwa SRP ba ya samunsu, domin kafin turken ya fito an gama haɗa su, sai wata hanya mai suna GET ta kai su. Fuskar da furotin ya samu a ER ba ta sauyawa: ɓangaren da ke cikin ER shi ne zai fuskanci wajen ƙwaya idan jaka ta haɗe da tantani.

Gyara da tantancewa

A cikin ER ana ɗaura wa yawancin furotin reshen sukari 14 a kan amino asid asfarajin, inda serin ko tiriyonin ya biyo bayansa da tazarar ɗaya. Ana ƙulla gadojin salfa da ke riƙe siffa, BiP da kalneksin da kalretikulin kuma suna taimaka wa naɗewa. Wanda ya naɗu daidai yana shiga jakar COPII zuwa Golgi. Furotin mazauna ER da suka ɓace zuwa Golgi ana gane su da alamar amino asid huɗu, KDEL, a dawo da su cikin jakar COPI. Wanda ya kasa naɗuwa ana mayar da shi ruwan cikin ƙwaya, a liƙa masa yubikwitin, a niƙe shi. Idan gurɓatattun suka taru, masu gadi uku, IRE1 da PERK da ATF6, suna rage ƙera furotin, su ƙara masu taimakon naɗewa, idan abin ya ƙi kuma su sa ƙwayar ta kashe kanta.

Alaƙa da lafiya

Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa a kan SGLT1 ya dogara. Gubar kwalara na sa hanji zubar da kulorayid da ruwa, amma ba ta tsayar da wannan ɗan dako, don haka gulukos na jan sodiyum, sodiyum ya ja ruwa. A 1971 likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4 cikin ɗari. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 na da milimola 75 na sodiyum da 75 na gulukos a lita ɗaya. Idan sukari ya yi yawa, osmosis na jan ruwa zuwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro nau'in Plasmodium vivax na kama furotin Duffy kafin ta shiga jar ƙwayar jini. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da Duffy a jajayen ƙwayoyinsu, shi ya sa wannan nau'i ya yi ƙaranci a yankin. Nau'in Plasmodium falciparum kuma ya bijire wa kulorokwin ne ta sauyin wani ɗan dako mai suna PfCRT, wanda ke fitar da maganin daga jakar abincin ƙwayar cutar. A cutar sikila, wata kafar fotasiyum da ake kira Gardos na buɗewa, ƙwayar jini ta rasa ruwa, lanƙwashewarta ta ƙaru.

Gyambon Buruli, wanda ake samu a Gana da Kamaru da Benin da Kodebuwa da kudancin Najeriya, bakteriya Mycobacterium ulcerans ke jawo shi. Gubarta mai suna maikolakton na toshe Sec61, ƙwayoyin garkuwar jiki su kasa fitar da saƙonninsu, nama ya mutu. A cutar sistik faiburosis, wadda ta fi yawa a tsakanin Turawa, sauyin da aka fi gani shi ne rasa amino asid na 508 a kafar kulorayid mai suna CFTR. Kafar ba ta naɗuwa daidai, ER ya riƙe ta a niƙe ta kafin ta isa tantani, majina ta yi kauri a huhu.

Magunguna da yawa furotin ɗin tantani suke kamawa. Omefirazol na tsayar da famfon asid na tumbi, digoksin na rage aikin famfon sodiyum da fotasiyum a zuciya, allurar kashe zafi ta lidoken kuma na toshe kafofin sodiyum na jijiya don kada saƙon ciwo ya wuce.